Takun da Rakiya Ta Ƙi Yi

Ban taɓa mantawa da ranar Larabar da na jera 'yan ajina a filin lakwal, wato makarantar boko, ba. Shekarata huɗu ke nan da fara koyarwa, ina riƙe da CM2, wato ajin ƙarshe na firamare. Wata ƙungiya ta kira mu horon kwana uku a unguwar Wemtenga, aka ba kowa littafin wasannin koya wa yara adalci da sanin halin da mutanen duniya ke ciki. Na dawo Zongo kaina ya kumbura.

Wasan da na zaɓa ba wuya. Yara su tsaya a layi, a karanta tambaya, wanda amsarsa "e" ce ya yi taku ɗaya gaba. Littafin ya ce a raba musu kati, kowa ya taka a matsayin wani mutum na ƙage: ɗan minista, mai gyaran takalmi, makauniya. Ni sarkin iyawa na ce katin ɓata lokaci ne, kowa ya taka da gaskiyar gidansu.

Na fara karanto tambayoyin: "Wanda ya karya kumallo yau. Wanda gidansu akwai famfo. Wanda ke kwana a gidan ubansa."

Ina ɗaga kai sai na ga yara biyu ba su motsa ba. Ɗaya Salamatu ce, wadda rashin tsaro ya koro su daga arewa. Da ƙyar muka shawo kan kakarta ta sa ta lakwal. Ɗayar kuwa Rakiya, 'yar wani Alhaji mai shagon atamfa.

Na ce, "Ke Rakiya, ban san gidanku ba ne? Taka mana."

"Madam, ƙafata ke ciwo."

Yarinyar da na gani tana tsallen igiya da safe. Na matsa mata, sai ta yi ƙasa da murya ta ce, "Madam, in na taka, ita kaɗai za a gani."

Wallahi kunya ta rufe ni.

Salamatu ta daina zuwa. Darakta ya ce, "Ke kika ɓata, ke za ki je." Na samu kakar tana tsintar wake. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Cewa ta yi, "'Yata, mun baro gona, mun baro dabbobi. Rufin asiri kaɗai muka iso da shi, shi ma kin kai shi fili."

Na ba da haƙuri har bakina ya gaji. Sai da aka yi sati biyu yarinyar ta dawo, kuma har ta gama ajin ba ta sake ɗaga hannu a gabana ba.

Har yau ina aiki da littafin, da katunansa cif. Amma ku sababbin malamai, ku riƙe wannan: darasin adalcin da zai tona asirin yaro ɗaya, zalunci ne. Kafin ku ce "a taka", ku duba wa zai rage a baya.