Cikin ƙanina da ranƙwashin Inna

Shekarar da kuɗi suka zubo wa ma'aikata, Baba ya shigo gidanmu na Rijiyar Lemo da sabon risho daga kasuwar Sabon Gari. Inna ta ce ita da murhu har abada. Ba a yi nisa ba rishon ya yi bindiga, kananzir ya watsu wa ƙanina a ƙirji da hannaye. Aka kwantar da shi asibiti.

Na yi kuka, ban musa ba. Amma daga baya kishi ne ya cinye ni. Duk mai zuwa dubiya da ledarsa: lemo, madarar gwangwani, biskit, ana jibgewa ƙarƙashin gadonsa. Inna kuwa ta tare a can, sai fifita take masa. Ni aka bar ni da tuwon maƙwabta, kitsona ya tsufa babu mai dubawa. In na miƙa hannu, sai a ce, “Kul! Na mara lafiya ne.”

Ranar da aka kai ni, kowa ƙunar yake kallo yana sannu. Ni cikinsa na zuba wa ido. Ya taso ƙarƙashin zane, tim kamar ƙwarya a kife.

Na ce, “Lallai ma! Ku dubi tumbinsa. Shi kaɗai ya cinye komai, ni ko ɓawon lemo!”

Inna ta sakar mini ranƙwashi. “Ja'ira mai baƙin ciki! Yaron da ko ruwa ba ya sha?”

Nas ɗin ɗakin, wata 'yar Sabon Gari mai gurguwar Hausa, ta juyo. Ta yaye zanen, ta danna cikin, ya ƙi lotsawa. Ta tambayi Inna rabonsa da fitsari. Tun jiya. Numfashinsa ma sama-sama yake. Ta fita da gudu.

Likita ya ce wa Baba hanjin ne suka kumbura saboda ƙunar, cikin ya matse ƙoda da huhu. Da an ƙara jinkiri, sai gawa. Aka tsaga cikin a ranar, ya rayu.

Da ya dawo gida aka yanka rago, aka saya masa keke. Nas aka kai mata turmin atamfa. Ni fa? Ko sannu.

Yanzu ƙato ne, har da jikoki. Inna kuwa har ta koma ga Allah tana ba da labarin idon nas ɗin nan. Ranƙwashina ba ta taɓa janye shi ba.