Yayana da Akwatin Gem na Kasuwa

Shekarun baya, a ƙarshen daminar da na gama jami'a ina zaman jiran a kira mu bautar ƙasa, wani abu ya faru a gidanmu da har yau nake juya shi a raina. Tun da wuri in nemi afuwa: an ɗan jima, kuma ni ba mutum ba ne da ke gama yarda da ƙwaƙwalwarsa. Mai yiwuwa na sa wani abu gaba da wani, ko na gyara wa wani maganarsa ba da gangan ba. Amma gundarin labarin, ina jin, haka yake.

Ƙauyenmu ba shi da nisa da Tsanyawa. Muna yara, wani bawan Allah mai shagon cajin batir a bakin kasuwa ya sayo wani tsohon akwatin gem daga birni. Na katako ne, tsayinsa ya kai na mutum, da talabijin a cikinsa, da sanda mai dunƙulallen kai da maɓallai. Ranar kasuwa kaɗai ake tayar masa da janareta. Wasan faɗa ne a ciki: ka doke wannan a kawo maka wancan, har ka kai ga wani ƙato na ƙarshe da muka raɗa wa suna Basamude. Ni dai ban taɓa wuce mutum na biyu ba. Ɗan kallo ne ni, mai riƙe wa gwanaye takalma.

Gwanin kuwa yayana ne, ɗan baffana, wanda muka tashi gida ɗaya. In yana son burga, sai ya jawo hularsa ya rufe ido, ya ci gaba da wasa da kunne kawai. Ya ce kowane naushi da ƙararsa, kowane tsalle da tasa. Mu kuma mu yi ta ihu har mai shagon ya kore mu.

Shekaru suka ja, akwatin ya mutu, kowa ya kama gabansa. Ina aji biyu a jami'a aka gano Yaya yana da hawan jinin ido, kuma ba a gano da wuri ba. Kafin in gama, ganin ya tafi. Ya ɗauki ƙaddarar da haƙurin da ya ba ni mamaki. Har ya fara zuwa masallaci shi kaɗai da sanda, yana cewa ai kunnensa ya ishe shi. Amma ya daina fita majalisar da ake zama gindin darbejiya, ya daina raha. Inna, mahaifiyarsa, takan tsare ni a ƙofar ɗakinta ta ce in riƙa jan sa da hira, tunda ni ba abin da nake yi sai danne-dannen kwamfuta.

Daga nan tunanin ya zo mini. Akwai wata manhaja da ke sa kwamfuta ta kwaikwayi irin waɗancan tsofaffin akwatunan, a yi wasanninsu kamar da. Ina da ita tun a makaranta, har da wasan namu. Na ɗauki kwanaki ina shawara da kaina, kada in je gyaran gira in rasa ido. Daga baya na yi ƙundumbala. Da yake muryar kwamfutar tawa ƙanƙanuwa ce, na aro wata sipika mai bulutut wajen abokina, irin wadda ba ta buƙatar waya. Na kai masa har ɗaki da hantsi, na damƙa masa hannun gem, na nuna wa yatsunsa maɓallan.

Da kiɗan farko ya tashi, fuskarsa ta washe. Rabon da in ga haƙoransa haka har na manta. Sai aka fara faɗa, mutum na farko, wanda a da Yaya ke dokewa yana hira, ya yi masa dukan kawo wuƙa. Ya sake, aka sake kayar da shi. Ya gyara zama ya kasa kunne sosai, aka kuma. Duk sanda ya kare, naushin ya riga ya shiga.

Ya ce, "Wannan ba shi ba ne."

Ni kuma, da zumuɗin sabon mai digiri, na ce, "Wallahi shi ne, Yaya. Daga cikin irin akwatin aka kwafo shi, ba a rage komai ba."

Ya lalubi tabarma ya ajiye hannun gem ɗin a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

"To in shi ne," in ji shi, "ni ne ba ni ba ke nan. Ido ya tafi, ashe kunnen ma ya bi sahu."

Ban san girman abin da na yi ba sai da aka kira sallar azahar ya ce in riƙe masa sanda in kai shi. Mutumin da ya yi watanni yana zuwa shi kaɗai. Washegari ma haka, da jibi. Ya ce wa Inna ba zai ƙara dogara da kunnen da ke yi masa ƙarya ba, kada wata rana babur ya kwashe shi. Inna ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta dai ce, "Cewa na yi ka ja shi da hira, ban ce ka fama masa ciwo ba."

Na shiga damuwa. Na yi ta wasan ni kaɗai ina saurare, ban ji wani aibu ba. Kiɗan dai shi ne, ƙarar naushin ita ce. Har na fara tunanin ko da gaske ne kunnen nasa ya taɓu, in nemi a kai shi asibiti. Amma wani sashe na zuciyata ya ƙi yarda, don mutumin da ke gane wanda ya shigo zaure daga jan takalminsa bai yi kama da mai ciwon kunne ba.

Ana haka kaka ta shigo, aka yanke gero. Wata la'asar ina zaune a kan kututture a bakin gonarmu, na hango mata can ƙetaren gonaki suna sussuka. Ina kallonsu ne kawai, hankalina na wani wuri. Sai na lura da abin da kowane ɗan ƙauye ya sani tun yana yaro: taɓarya takan sauka a turmi, har ta fara ɗagowa, sannan ƙarar ta iso kunnena. Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. In da wani zai rufe ido ya ce zai kama taɓaryar nan da jin ƙararta, ai kullum a makare zai kai hannu, kuma ba laifin kunnensa ba ne.

Na koma gida da sauri na kunna wasan. Wannan karon na zuba wa allon ido ina jiran naushi ya sauka. Da sipikar aro, ƙarar tana biyo baya da ɗan ƙanƙanin jinkiri, wanda bai kai ƙiftawar ido ba. Da na kashe ta na bar muryar kwamfutar, sai suka kusa haɗuwa. Na maimaita ya fi a ƙirga, don ban yarda da kaina ba. Na kira abokina mai sipikar ya duba. Ya ce shi dai waƙa yake ji da ita, kuma waƙa ba ta taɓa makara ba. Amma da ya kalla da kyau, shi ma ya gani. Ni ban taɓa lura ba saboda da ido nake wasan, kunne rakiya kawai yake yi.

Ranar kasuwa na je wajen mai gyaran rediyo neman waya da sipika ta gargajiya. Ina yi masa bayani, sai ya ce me zai hana in tambayi tsohon mai shagon, ai gawar akwatin na nan a bayan gidansa. Na je na tarar kaji sun mayar da shi akurki. Dattijon ya yi dariya har da tari da ya ji abin da ya kawo ni, ya ce yana tuna yaron nan mai rufe ido da hula, wanda ya hana shi ciniki don ba ya mutuwa balle wani ya hau. Ya sa aka kwance mini sipikar, duk ƙura da kashin kaji, gefenta ɗaya a tsage an liƙe da gam tun zamanin da. Mai gyaran rediyo ya haɗa mini ita da wata 'yar na'urar ƙara sauti da waya, ya ce in ta yi aiki in yi masa addu'a, in ba ta yi ba kada in ambaci sunansa.

Ta yi aiki. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba, don Yaya ya ƙi ko sauraron zancen. Ya ce, "Malam mai digiri, ka bar ni in huta." Na yi masa bayanin taɓarya da turmi, ya ce ya ji, Allah ya ƙara basira. Ban iya matsa wa mutum ba, kuma ina tsoron kada in sake kuskure ya zama na ƙarasa shi. Sai na yi dabarar matsorata. Na shimfiɗa tabarma a rumfar tsakar gida, daidai saitin tagarsa, na kunna wasan na yi ta shan duka ni kaɗai.

Ba a jima ba na ji muryarsa daga ɗaki.

"Wa ya tono wannan sipikar? Har yanzu tana wannan zizar in an buga ganga?"

Na ce ita ce, daga akurkin kaji na ceto ta. Ya ce ya ji alama, kuma ya ji ana kashe ni kamar kiyashi, abin ba daɗin ji. Ya fito yana lalube, ya zauna, ya miƙo hannu, na damƙa masa hannun gem ɗin.

Mutum na farko bai ɗauke shi komai ba. Na biyu ya ɗan wahalar da shi, ya wuce. Inna ta bar tankaɗen da take yi ta tsaya daga nesa. Haka ya yi ta ture su har ya kai ga Basamude, a nan aka tsaya. Ƙaton ya yi tsalle ya danne shi, ya sake danne shi.

Yaya ya karkata kai ya ce akwai abin da babu. Wai a da, kafin Basamude ya yi tsalle, akan ji wata 'yar ƙara siririya, ƙis, kamar an karya tsinke, kuma da ita yake sanin lokacin kaucewa. Ya faɗa yana ɗari-ɗari, kamar mai jiran in ƙaryata shi. Ni ban tuna da wata ƙis ba ko kaɗan. Amma na riga na ƙaryata shi sau ɗaya na ga abin da ya biyo baya, na ce masa in ya ce akwai, to akwai, ya ba ni lokaci.

Na hau bas na shiga birni wajen wani abokin karatuna a Rijiyar Zaki, inda intanet ke da ƙarfi. Abin da na fahimta daga karance-karancena, kuma masana su gyara mini, shi ne waɗancan akwatunan ba faifai suke sakawa ba. Akwai wata 'yar na'ura a cikinsu da ke ƙera sautin nan take, kuma dole manhajar ta kwaikwayi yadda take aiki. Masu rubuta manhajar, mutane ne 'yan sa kai a ƙasashe daban-daban, ba su gama gane wasu na'urorin ba a farko, don haka tsofaffin fitowar manhajar sukan bar wasu ƙananan sautuka ko su fitar da su ba daidai ba. Tawa tsohuwa ce sosai. Na sauke sabuwa na dawo, ban gwada a hanya ba, don ko na gwada ban san abin da zan saurara ba.

Da ya sake kaiwa ga Basamude, na ga kafaɗarsa ta motsa kafin ƙaton ya bar ƙasa. Ya kauce, ya rama. A lokacin ne ni ma na ji ta, 'yar mitsitsiya, a ƙarƙashin kiɗan. Ina jin a karo na biyu ko na uku ya kayar da shi, ban riƙe ba. Labari ya kai gindin darbejiya, kafin la'asar rumfar ta cika da magidanta masu gemu suna jayayya a kan wanda ya taɓa kaiwa ina a zamanin da. Wani ya ce wa Yaya ya ja hula ya rufe ido kamar da. Sai Yaya ya fashe da dariya ya ce yanzu ai hular ta huta.

Na tambaye shi, cikin fargaba, ko yanzu sautin ya yi daidai.

Ya ce, "Da saura."

Na ce me kuma ya rage?

"Ƙarar janareta, da mai shago yana zaginmu."

Da aka kira sallah na miƙe in riƙe masa sanda, ya ce in zauna in kashe kayana, ya san hanya. Tun daga ranar, iyakar sanina, bai sake neman ɗan jagora zuwa masallaci ba, kuma ya koma majalisa.

Ba na cewa wasan gem ne ya warkar da wani abu. Idon bai dawo ba, kuma akwai ranakun da har yanzu suke yi masa nauyi. Abin da na riƙe shi ne, in mutum ya ce maka abin da yake ji ba daidai ba ne, ka fara tuhumar na'urarka kafin ka tuhumi kunnensa. Ina kuma yawan tuna waɗancan mutanen da ban sani ba, da suka zauna suka ɓata lokacinsu don dawo da wata ƙis da kusan ba mai jin ta. Ba su san akwai wani a ƙauyenmu da yake buƙatarta ba. Sipikar tana nan a ɗakin Yaya, da gam ɗinta, da zizarta.

Waɗanda suka zauna a rumfar nan ranar, na san wasunku na karanta wannan. In na cakuɗa wani abu, musamman karon da ya kayar da Basamude da wanda ya yi maganar hula, don Allah ku rubuto ku gyara mini. Shi Yaya na riga na karanta masa. Ya ce a karo na farko ya kayar da shi, ni ne tsoro ya hana in gani.