Wuriyar Bayan Ɗakin Inna

Ni ne ɗan farin Inna, saboda haka tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma taɓa duban idona ta yi mini magana ba. Bafillatanar Kuberi ce, aure ya kawo ta Jega, kunyarta kuwa ko a cikin danginta sai an tona. In tana son in ji wani abu, sai ta faɗa wa matata, ko ta faɗa wa kajinta da ƙarfi ina tsaye. Sunana a bakinta "wancan". Na saba, har na daina sauraron abin da ake gaya wa kaji.

Gidanmu ginin ƙasa ne, a gangare, hanyar gulbi. Sama da mu gidan wani mahauci ne, abokin marigayi mahaifina, ina kiransa Baba. Bango ɗaya muka haɗa da shi, kuma bangon nan shi ne bayan ɗakin Inna. A gindinsa, daf da kusurwar ɗakin, akwai wuriya, kafar da ruwan gidansu yake bi ya ratsa tsakar gidanmu ya fita lungu. Haka unguwar take tun kaka da kakanni: na sama ya zubo wa na ƙasa, na ƙasa ya miƙa gaba, har gulbi.

A daminar da nake ba da labari, gulbi ya cika ya fara cin gidajen bakin fadama. Kullum rediyo gargaɗi yake yi. Na rufe shagon ɗinkina kwana biyu na shirya gida. Na cika buhunan taki da yashi na jera a ƙofar zaure, na ɗora gero a kan bulo, na ƙulle takardu cikin leda, na kai yara Aliero gidan kawunsu. Inna kam ta ƙi motsawa. Ɗakin nan mahaifina ya gina mata da hannunsa. Ta watsa wa kaji tsaki ta ce, "A ɗakin ga anka kawo ni, a ɗakin ga za a ɗauke ni."

To, ɗakin ya zama dole ya tsaya ke nan.

Shekarar ce Baba ya shafe tsakar gidansa da siminti. Ruwan da ƙasa take shanyewa a da, yanzu duka ta wuriya yake ɓullowa, da gudu, yana zagaye gindin ɗakin Inna. Sai na tuna bara ya taɓa tambayata ko za mu sayar masa da wannan gefen ya faɗaɗa gida. Af! Biri ya yi kama da mutum. Wato so yake ɗakin ya faɗi, mu gaji mu bar masa fili. Na ɗauki buhun yashi na danna a bakin wuriyar, na bi shi da ƙafa.

Ina cikin takawa na ji Inna tana gaya wa kaji, "Ruwa baƙo na. In an ba shi hanya shi wuce, in an tare shi shi kwana." Na ce a raina, maganar tsofaffi.

Washegari da la'asar na dawo daga kasuwa, na tarar an farke buhun, an kwashe yashin gefe, wuriya a buɗe. Yanka ne miƙaƙƙe, ba yagewa ba. Wa ke da wuƙa mai kaifi haka in ba mahauci ba? Matata ta duƙa ta duba ta ce, "Amma yankan ga ta wajenmu shike." Na ce mutumin da ke zura hannu cikin tumbin sa har kafaɗa, wuriya ce za ta gagare shi? 

Na sa buhu na biyu, na barbaɗa toka kewaye da shi don in ga sawu. Na dawo na tarar an farke shi, tokar kuma Inna ta share tas da tsintsiyarta. Haushi kamar in yi kuka, ga shi ba halin magana. Na uku ma haka.

Daga nan kowa ya zama abin zargi. Na daina gaida Baba. Na daina sayen namansa, na koma wa wani can ƙarshen kasuwa mai ba ni ƙashi. In na gan shi yana dariya da liman a ƙofar masallaci, sai in ce da ni suke. Har matata na hana ta shiga gidansu aron turmi, don na fara tunanin ita ke gaya musu lokacin fitata.

Rannan Baba ya tare ni a lungu ya ce, "Tela, ka bar wuriyar ga buɗe. Ruwa na kwanciya gindin bango."

Na ce, "Baba, in gidan kaka so, hito hili ka hwaɗi. Ka bar bi na da wuƙa."

Ya daɗe yana kallona. Mutumin da ya yanka ragon sunana ne fa. Ya ce, "Allah shi shirye ka," ya wuce. Ni kuwa na ce gaskiya ce ta kashe masa baki. A ranar na samo bulo da siminti na liƙe wuriyar ƙam, na ce to, a zo a yanka wannan. Inna tana bakin ƙofarta tana kallo. Ko kajin ba ta yi wa magana ba.

Ranar Juma'a, ana saukowa daga masallaci, sama ta buɗe. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, har la'asar bai tsagaita ba. Na tsaya a rumfa ina kallon gindin ɗakin Inna, ba ruwan kowa sai namu, wallahi har daɗi na ji. Sai ga Baba ya faɗo gidan ba sallama, jiƙe sharkaf, da diga a hannu.

"Ruwa ya kai gwiwa gidana! Bangon ya sha, Tela, kauce in hwasa!"

Na riga shi isa wurin. Na jingina bayana da bangon, na kama ƙotar digar da hannu biyu. Yana ja ina ja, ina faɗa masa maganganun da har yau nake jin kunyarsu. Na ji bangon da sanyi da laushi a bayana, amma zuciya ta rufe mini ido.

Sai na ji an kira sunana.

Na san muryar, ban dai taɓa jin sunana a cikinta ba. Inna ce tsaye cikin ruwa, ba mayafi, tana dubana ido cikin ido. Daga cikin ɗaki ta ga bangon ya tsage. Ta sake kira. Na saki digar na nufe ta a guje, don na zaci mutuwa za ta yi. Baba ya biyo ni. Ba mu yi taku goma ba bangon ya zauna, rufin ya bi shi. Ruwan gidan Baba ya kwararo ta kan gadonta, ya kwashi ƙoren da ta zo da su daga Kuberi ya yi lungu da su.

Baba ne ya kama hannunta ya kai ta ɗakin matarsa. Ko kallona bai yi ba.

Da safe na shiga gaishe ta. Tana zaune a tabarma, ta juya mini baya kamar kullum. Ta ce wa matata, "Hwaɗa ma wancan shi ba abokin ubanai haƙuri. Ba wuƙar mahauci ta ba, tawa ta, ta yankan kuɓewa. Sau ukku ina buɗe ma ruwa hanya." Sannan ta ƙara, "Na hwaɗa ma kaji. Kaji sun ji."

Na durƙusa a gaban Baba a zaurensa, ya ce ya yafe, har ya taya ni kwasar laka. Da rani na gina mata ɗakin bulo, na bar wuriya mai faɗin da akuya za ta bi ta wuce. Ta koma ciki. Daga ranar, in ta fito watsa wa kaji tsaki, nakan ajiye duk abin da ke hannuna in kasa kunne, sai dai ba ta ƙara gaya musu komai a kaina ba. Ba ta kuma sake kiran sunana ba.

Damina biyu ta yi a ciki. A ɗakin bulon aka ɗauke ta.