Normandi Biyu da Na Haddace

A lakwal, wato makarantar boko, a Maraɗi, malaminmu da muke kira mushe ya sa mun haddace tarihin Normandi, wani yankin Faransa da ke bakin teku. Da farko mutanen arewa suka zo cikin jiragen ruwa. Sai sarkin Faransa ya ba su ƙasar. Sai shugabansu ya haye teku ya ci Ingila da yaƙi. Daga ƙarshe gwamnati ta raba yankin biyu, ta sama da ta ƙasa. Duk wanda ya birkita jerin sai ya sha bulala.

Bayan shekaru da yawa, ina ci-rani a ƙasar waje, ina sayar da jakunkuna a titin Canal Street. Maƙwabtan teburina 'yan Senegal ne, yarensu suke yi. A ɗakina na unguwar Mount Hope kuwa ni kaɗai ne. Wata rana wata Baturiya ta tsaya, na ji Faransanci a bakinta. Na tambaye ta garinsu, ta ce Normandi. Na miƙe tsaye na fara jero mata haddar nan, don dai ta ɗan jima muna magana.

Da na kai ƙarshe na ce, "Madam, ke 'yar ta sama ce ko ta ƙasa?"

Ta yi dariya. "Ai an daɗe da haɗe su, malam. Ba wanda ya gaya maka?"

Na ce babu. Ta duba agogo, ta yi mini sallama ta wuce. Na zauna ina tunanin wanda zai gaya mini irin wannan labari a garin nan. Ban samu ko mutum ɗaya ba.