Kirik ɗin Ciɗo da Ƙirgin Surukinsa

Duk wanda ya hau kamiyo, wato babbar mota, daga tashar Tawa zuwa Tebaram ko Takanamat a farkon shekarun 'yancin kai ya san Ciɗo, ko da bai san fuskarsa ba, don ƙafafunsa ne ke leƙowa daga ƙarƙashin mota. Gajere ne mai fara'a, kuma ko fasinjoji sun cika tasha da tsaki ba ya gaggawa. A garejin wani Nasara ya koyi aiki. Da Nasaran ya tashi komawa gida sai ya bar masa tsohon kirik, wato ƙarfen ɗaga mota, irin mai ƙananan tayoyi da dogon hannu. Da shi Ciɗo ya kafa kansa a gindin wani dogonyaro, ya yi aure, yana cin tuwonsa cikin rufin asiri.

Wata shekara kirik ya fara yoyon mai. Da farko ɗan baƙin tabo ne a kan yashi. Daga baya sai a ɗaga mota, kafin a juya ta fara sauka. Rannan ta sauko a hankali har ta taɓa ƙirjin Ciɗo, ya sulale ya fito yana dariya. Matarsa Hajaratu da ta ji labari ba ta yi dariya ba. Direbobi ma suka fara kai motocinsu wani wuri.

Ya kwance kirik, ya tarar abin da ke tare man a ciki ɗan ƙoƙo ne na fata, ya cinye. Sabo sai Yamai, can ma ba tabbas. To amma fata ai ba baƙuwa ba ce a Tawa, kuma babu baduku a unguwar kamar Dodo. Matsalar ɗaya ce: Dodo mahaifin Hajaratu ne. Ciɗo kuwa tunda ya yi aure bai taɓa haɗa ido da shi ba. In ya hango shi a hanya sai ya cire takalmi ya faɗa lungu. Ni dai na ga masu kunyar suruki, amma ta Ciɗo ta isa a ba da labari.

Sai ya aiki Hajaratu da tsohon ƙoƙon, ya ce a yi masa irinsa, bai yarda a faɗi na mene ne ba, wai kada a ce ya sa babba aikin baƙin mai. Dodo ya ji daɗi, yau suruki ya nemi abu a hannunsa. Ya zaɓo jar fatar akuya mai laushi, har da ɗan koren ado a baki. Ciɗo ya san ba za ta yi ba, amma wa ke mai da kyautar suruki? Ya saka. Bugun farko fatar ta fashe, mai ya wanke masa fuska.

"Ki ce mishi ta yi kyau, mun gode," in ji Ciɗo.

Hajaratu ta ce, "To." Ta je ta faɗa wa ubanta gaskiya tsaf, har da motar da ta taɓa ƙirjin mijinta.

Washegari da hantsi sai ga tsoho a tasha, da guntun ƙirgi, fatar bijimi mai kauri, a hammata. Babu lungun faɗawa. Ciɗo ya tsuguna, kai a ƙasa. Dodo ya zauna ya ɗan ba shi baya, ya dubi kirik ɗin, ya yi magana da shi.

"Kai ƙarhe, hwaɗa wa mai kai shi nuna mani inda hwatag ga ka zama."

Ciɗo ya tura sandar cikin kirik ɗin gaban tsoho, shi ma ya ce wa ƙarfen, "A ce ga wurin nan. Mai shina turo ta da ƙarhi ƙwarai."

Haka suka yini, kirik na kai saƙo. Dodo ya jiƙa ƙirgi, ya danna shi cikin ramin da ya fafe a itace, ya bar shi ya sha iska, ya fere bakin, ya shayar da shi kakin zuma. Ciɗo ya wanke cikin ƙarfen da kananzir, ya saka ƙoƙon, ya zuba sabon mai, ya yi ta buga hannun har iska ta fita. Direbobi na gefe suna danne dariya. Ciɗo kuwa, ya sha faɗa mini daga baya, bai taɓa jin daɗin aiki kamar na wannan yini ba.

Da la'asar aka ɗaga kamiyon wani direba, Afala. Aka jira, bai sauka ba, yashi kuma a bushe. Ciɗo ya ɗauko buhun da yake kwanciya a kai zai shiga, sai tsoho ya ɗaga hannu. Ya tattara rigarsa, ya rarrafa ƙarƙashin motar da kansa, ya miƙe a daidai inda ta fi nauyi. Ya daɗe a nan kafin ya fito yana kaɗe yashi.

"Hwaɗa mishi shi shiga yanzu," ya ce wa kirik. "In da za ta sauka, gara bisa tsoho da bisa mijin ɗiyata."