Ƙugiyar da ba ta yaga bakin kifi

Ina shagon kayan kamun kifi a Croydon, nan ƙasar Turawa, ƙugiya biyu a hannuna, sai ga kiran Baba daga Yawuri. Masunci ne tun kafin a haife ni.

Na nuna masa su ta kyamarar waya. "Baba, doguwar nan zare ake naɗa mata ta yi kama da ƙwaron ruwa, lanƙwasasshiyar kuma ta yi kama da ɗan jatan lande. Duk ba su da ƙaya, don kada bakin kifi ya yage."

"In ya yage fa? Ba tukunya za shi ba?"

"A'a, hoto ake ɗaukarsa a mayar da shi ruwa."

Sai Baba ya ce, "Kada ka gaya wa kifin ko ɗan waye kai."

Jama'a, har yanzu ina shagon. Wacce zan saya?