Bangon Kaka Saratu

Wata Asabar bayan yankan hatsi, shekarar da aka sa ni lakwal, wato makarantar boko, na dawo daga rijiya na iske Kaka Saratu tsaye gaban bangon ɗakinta, hannuwanta dumu-dumu da jar ƙasa. Tun da kakanmu ya rasu farkon damina ba wanda ya ƙara jin muryarta a gidanmu na Kanan-Bakashe. Ko a majami'a in ana waƙa, leɓenta kaɗai ke motsi. Baba har ya fara zancen kai ta likita a Tasawa.

Ƙorai na jere a gabanta: jar ƙasar bakin tafki, farar ƙasa, baƙin tukunya, da ruwan shunin da Inna ta rage wajen wanki. Ba tsuntsu ta zana ba, ba itace ba, ba mutum ba. Ta shimfiɗa ja mai faɗi da tafin hannu, ta ratsa shi da baƙi, ta yayyafa shuɗi can sama. Na manta da tulun da ke kaina har wuyana ya sage, ruwa ya ɓare. Ƙannena suka bar wasan langa, Inna ta bar taɓarya cikin turmi.

Muna nan sai Hajo mai nono, Bafulatanar da ke biyowa ta gidanmu, ta yi sallama. Ta sauke ƙwarya, ta daɗe tana kallo, hawaye suka zubo mata.

"Kaka, wannan ai mashayar shanunmu ce, kafin fari ya cinye su."

Kaka ta juyo a hankali. "A'a, 'yata," in ji ta, muryar a dushe. "Gonarmu ce, ranar da marigayi maigidana ya fara kai ni."

Bango guda, kowace ta ga abin da ta rasa, kuma ba wadda ta yi ƙarya. Da maraice Kaka ta ce a zubo mata tuwo, har ta yi mini faɗa kan ruwan da na ɓarar.

Yau fenti nake saye a gwangwani, ina shafa shi a ƙyalle a Tasawa, masu wucewa na tambayata me na zana. Launukana sun fi nata yawa da haske, amma hannuna bai taɓa tsaida gida guda cik ba. Har yanzu koyo nake.